Kiɗan Coci a Kunnen Kausar

A jirgin ƙasa daga Paris zuwa Lyon Salmanu ya fara ganin Kausar. Ya yi sallama, ta cire abin saurare ɗaya daga ƙarƙashin hijabi ta amsa. Daga cikinsa wani sauti mai kauri ya fito, irin wanda yake ji in ya gifta ƙofar coci ran Lahadi.

Bai tambaye ta ba. Nan laifinsa ya soma.

Shi injiniyan ruwa ne a Paris, ɗan Maraɗi. Ita ɗiyar Damagaram ce, tana nazarin taurari a jami'ar Villeurbanne, kusa da Lyon. Kafin su sauka sun karɓi lambar juna, daga nan saƙo bai yanke ba.

"Tauraruwata, kin ci abinci, ko yau ma sama kika kalla kika ƙoshi?"

"Na ci, Injiniya. Kai dai ka kula da famfonka."

Yana dariya, amma sautin nan bai bar ransa ba.

Da maganar aure ta kai ga manya, kawunsa Alhaji Ilya, mai babban sito a Aubervilliers, gefen Paris, ya kira shi. Ya miƙa masa waya, da hoton Kausar a ciki. Hamdiya ce ta aiko hoton, ɗiyar abokin Alhaji da ke karatu a Lyon, wadda ta daɗe tana son Salmanu.

"Duba da kyau," in ji Alhaji. "Ga ta tana shiga coci, ga namiji ya riƙe mata ƙofa. An ce duk Alhamis haka take. Wannan za ka kawo mani? Ban yarda ba."

Mai hankali waya zai ɗauka ya kira ta. Salmanu tikiti ya saya. Ran Alhamis ya sauka Lyon ba da saninta ba, ya bi ta daga nesa har cocin, ya laɓe bayan ginshiƙi.

Babu masu ibada. Kausar na durƙushe da kwamfuta da makirufo a gindin wani makeken abin kiɗa mai dogayen bututu. Mutumin hoton yana zaune yana danna shi, ƙasa na rawa.

"Malam, in ɓuya kake yi, takalminka ya fito," wata mata ta ce da Hausar Jos. "Ni ce Rose. Wancan mai kiɗan mijina ne, Benjamin. Wa kake nema?"

Kiɗa ya tsaya. Kausar ta juyo, ta daɗe tana kallonsa.

"Zo ka gani, tunda gani ka zo yi," ta ce. "Tauraro yana kaɗawa kamar iska cikin bututu. Babban bututu muryarsa ƙasa take, babban tauraro ma haka. Ɗaliban da nake koya wa ba sa ganewa sai sun ji da kunne, shi ya sa nake naɗar sautin. Mutanen da suka tsara kiɗan nan shekaru aru-aru da suka wuce sun gaskata Allah ya ɗora sammai bisa lissafi, sai suka zuba lissafin cikin sauti. Ibadarsu tasu ce. Ni lissafin nake bi."

"Kausar, pardon, yi haƙuri, ni dai..."

"Da ka tambaya, da ka samu wannan amsa kana ɗakinka. Amma ka laɓe. Ba na auren mai laɓe, Salmanu."

Ya koma Paris. Ya aika saƙo, shiru. Ya kira, shiru. Daga ƙarshe ya je ya faɗa wa Alhaji duk abin da ya yi.

"Ka laɓe?" Alhaji ya daka masa tsawa. "Ni na ce ban yarda ba, ban ce ka zama ɗan leƙen asiri ba! Ba ni lambarta."

A gabansa ya kira ta. Bayan doguwar gaisuwa ya ce, "Ɗiyata, kina sallah?"

"Ina yi, Baba."

"Kiɗan nan fa, aiki ne kawai, ko yana yi maki daɗi?"

"Yana yi mani daɗi, Baba. Ba zan yi maka ƙarya ba."

Alhaji ya kashe waya, ya shafa gemu. "Kiɗan nan ban yarda da shi ba, kuma gobe ma ba zan yarda ba. Amma ta san abin da nake son ji, ta ƙi faɗa mani shi. Irin wannan ake nema a gida. In ta yafe maka, ni zan tura mutane Damagaram."

Salmanu ya rubuta: "Na zarge ki ba hujja, na bi ki kamar ɓarawo. Ba ni da uzuri. Ki yafe mani, Tauraruwata."

Sai da ta bar shi ya yi mako yana duba waya, sannan ta amsa: "Na yafe, Injiniya. Amma ka sani tun yanzu, Alhamis ina coci har in gama aikina. D'accord? Ka yarda?"

"D'accord. In ɗauko maki makirufo?"

An ɗaura aure a Damagaram, aka yi walima a wani gidan abinci a unguwar Belleville ta Paris. Benjamin da Rose suka zo daga Lyon. Alhaji ya zaunar da Benjamin kusa da shi, ya cika masa faranti, ya ce, "Ci ka ƙoshi, amma kada ka kaɗa mana komai a nan." Sannan ya ɗaga hannu ya roƙa wa ango da amarya zaman lafiya da zuri'a mai albarka, ɗaki ya amsa da amin.