Dakalin Malam Jibrin

"Don Allah riƙe min bakin tef ɗin nan."

Maganar farko ke nan da Rilwanu ya yi wa Bara'atu, wata Talata a ƙofar gidansu a Hayin Banki. Hukumar tsara birni ce ta turo shi awo, domin Bara'atu, wadda ta shekara bakwai tana karɓar haihuwa a asibiti, tana neman izinin mayar da sashen gaban gidan mahaifinta gidan haihuwa mai gado huɗu. Ta gaji da ganin ana kwasar matan unguwa a keke-napep cikin naƙuda, wasu su haihu a hanya. In babu takardar izinin nan, ko ƙofa ba za ta buɗe ba.

"Sista, kin saki tef ɗin."

"Kai ma ai ba tef ɗin kake kallo ba," ta ce.

Ya dawo Alhamis, wai bai auna tagogi ba. Ya sake dawowa Litinin, wai kwalbati. Mahaifinta Malam Jibrin yana kallonsa daga kan dogon dakalin ƙofar gida, inda suke majalisa da dattawan layi bayan la'asar. Shekara talatin da biyar ya yi yana aikin gwamnati, don haka bai yarda da ɗan ofis ba ko na sisi.

"Bara'atu, ma'aikacin da ya zo awo sau uku wani abu yake nema. Ko aljihuna, ko ke. Duka biyun ban lamunta ba."

"To, Baba," ta ce. Amma fa wayarta ba ta huta da saƙonnin Rilwanu ba.

"Sistata, yau ma na so zuwa, na rasa abin da zan ce ban auna ba."

"Malam mai tef, zo ka ƙirga bishiyoyi. Ɗaya ce dai."

Tana dariya, zuciyarta kuma tana tambayarta: son gaske ne, ko dai ya ga tana da buƙata a hannunsa?

Bayan sati uku takarda ta iso. An ƙi! Dalili guda: layin ya yi ƙunci, motar asibiti ba za ta kai ƙofa ba saboda dakalin da ya ci hanya. A ƙasa ga sa hannun Rilwanu ɓaro-ɓaro.

Fahad, ɗan wan Malam Jibrin, wanda ya daɗe yana neman Bara'atu tana zillewa, ya samu abin faɗa.

"Haba ƙanwata, ba ki gane ba? So yake ki je ki roƙe shi. Haka suke yi. Bar min fayil ɗin, na san wanda zan gani."

Ta sha kuka ranar, ba kaɗan ba. Sai ga saƙo daga Rilwanu:

"Bara'atuna, abin da na auna shi na rubuta. In na rufe ido, wata rana mace za ta zubar da jini a ɗakinki mota ta kasa shigowa, ke za a kama. Na kuma miƙa fayil ɗin ga shugabarmu Hajiya Saratu, don ba daidai ba ne in ci gaba da riƙe takardar wadda nake son aura."

Ta mayar masa: "Daɗin baki. Kada ka sake nemana."

Ta nuna wa mahaifinta saƙon don ya ga gaskiyarsa ta fito. Malam Jibrin ya karanta sau biyu, ya yi tsaki.

"Dakalin da na gina tun ba a haife shi ba? Ƙarya yake, kuma yau zan kama shi."

Ya aika aka kira Inuwa direba, mai bas ɗin Kawo, ya ce ya shigo da ita har ƙofar gida. Dattawa suka jeru kallo. Inuwa ya yi gaba, ya yi baya, ya karya kan mota, gumi na tsiyaya. Ina! Madubi ya daki katangar maƙwabci, taya ta tokare da dakali.

"Baba, wallahi ko an ɗauke ta a kai ba za ta wuce ba."

Bara'atu kuwa ta tuna matan da ta gani an kawo a makare.

"Na yi aiki da mutane da yawa," in ji Malam Jibrin a hankali. "Ban taɓa ganin wanda ya rubuta a'a ga yarinyar da yake so ba. Fahad, ajiye maganar fayil ɗin nan, ba wanda za ka gani. A kawo min guduma."

Shi ya kai wa dakalin dukan farko da hannunsa, idonsa ya yi ja. Dattawa suka yi ta gunaguni, daga baya suka koma zaure da tabarmi.

Bara'atu ta rubuta ta goge ya fi sau biyar kafin ta tura: "Na zarge ka, ka yafe min."

"Na yafe, hasken idona. Amma sai takarda ta fito zan turo manya, don kada wani ya ce da soyayya kika same ta."

Hajiya Saratu ta zo da kanta, ta auna, ta sa hannu. Kwana tara bayan nan kawunnan Rilwanu suka yi sallama a zaure.

Ranar ɗaurin aure, ana idar da fatiha, sai ga maƙwabciyarsu Ladidi an riƙo ta tana nishi. Amarya ta yar da mayafi, ta zura safar hannu a kan lallenta, ta shige. Ango ya tsaya a waje da babbar riga, ya kasa zama, kamar shi ne mijin mai naƙudar.

Da kukan jariri ya tashi, guɗa ta cika layin. Malam Jibrin ya dafa kafaɗar ango.

"Ka ga irin matar da na ba ka. Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku naku masu albarka."

"Amin, Baba," in ji Rilwanu.