Igiya a Wuyan Lemuel

Hester tana juya wainar masara a kasko sai mahaifinta, Enoch Pruitt, ya banko ƙofa ya shigo. Ko hula bai cire ba.

"An ce an gan ki bakin rafi da yaron nan mai bin shanun mutane."

"Gaisawa kawai muka yi, Baba."

"Shekara uku ana gaisuwa ba ta ƙare ba? Na faɗa miki, zan kuma maimaita: ba zan ba da 'yata ga wanda ba shi da gona ba shi da dangi ba, daga sirdi sai bargo. Duk faɗin Kansas wa ya san uban Lemuel?"

Kaka Dorcas, mahaifiyar Enoch, tana gefen murhu tana zuƙar lofe. Ta ce, "Kai ranar da ka je neman uwarta me kake da shi? Wando ɗaya, shi ma na ubanka ne."

"Inna, don Allah ki bar ni da 'yata!"

Hester ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a bakin kasko. Sau biyu Lemuel yana roƙonta su tafi gari a ɗaura musu aure, sau biyu tana ƙi. Mahaifiyarta ta rasu. Yayanta Asa kuma ya yi faɗa da Baba shekara biyu da suka wuce, ya bi masu haƙar zinariya, tun ranar aka hana ambaton sunansa a gidan. Takan ce wa Lemuel, "In ni ma na gudu, wa ya rage masa? Ka yi haƙuri, zai sauko."

Ranar Talata aka wayi gari babu jar goɗiyar Enoch a turke. A ƙasar da alƙali ke nisan kwana uku a kan doki, hukuncin ɓarawon doki sananne ne. Maƙwabta suka taru da bindigoginsu, Enoch ya ɗaga hannu a gabansu ya ce, "Na rantse, ko wane ne, ko da jinina ne, da hannuna zan sa masa igiya!"

Ranar Alhamis da hantsi Hester ta ji hayaniya. Ta fito da sauri. Ga goɗiya, ga Lemuel a ɗaure, leɓensa a fashe, mutum shida sun kewaye shi. A hanya suka kama shi yana janye da ita.

"Dawo da ita nake yi, Baba," in ji Lemuel.

"Kada ka sake ce mini Baba! A hannun wa ka same ta?"

Lemuel ya kau da kai.

"Ka yi magana mana!" Hester ta faɗa tana kuka. "Lemuel, ka faɗa musu! Kashe ka fa za su yi!"

Ya dube ta, idanunsa sun yi ja. Da ta matso, ya yi ƙasa da murya yadda ita kaɗai za ta ji. "Bayan an gama, ki je bukkata ke kaɗai. Akwai mara lafiya, ruwan da na bar masa ba zai kai gobe ba."

Aka ja shi zuwa babbar bishiyar bakin rafi. Hester ta ruga ciki ta faɗa jikin kakarta. "Kaka, akwai wani a bukkarsa! Ki riƙe mini su, ko sa'a ɗaya ce!"

Tsohuwar ta ajiye lofe, ta yafa mayafi. "Ɗaura wa alfadari keken kaya ki tafi. Ni na haifi babbansu, sauran kuma ni na yanke musu cibi."

Hester ba ta taɓa dukan alfadarin nan ba sai ranar. Da ta tura ƙofar bukkar, ta ga mutum kwance a kan bargon Lemuel, ƙafarsa ɗaure da itace biyu, ya rame har ba ta gane shi ba sai da ya buɗe ido.

"Yaya Asa!"

Yana haki ya ba ta labari. Zinariya bai samu ba, sai zazzaɓi. Ya dawo da ƙafa har bayan gida, kunya ta hana shi shiga, ya kwance goɗiyar don ya kai kansa wurin likita. Ta yar da shi a kwari, ƙafa ta karye. Lemuel ne ya tsince shi, ya ɗauko shi, shi ne kuma ya ba shi labarin rantsuwar Baba.

"Ina Lemuel ɗin?"

Hester ta dafe kai. In ta faɗa, ta kai yayanta ga igiya. In ta yi shiru, Lemuel ya tafi. Ta durƙusa tana kuka kamar ranta zai fita, sai Asa ya gane.

"Shiru ya yi saboda ni?" Ya dafa bango yana ƙoƙarin tashi. "Kama ni, Hester. Kai ni."

"Yaya, Baba ya rantse..."

"Na ce ki kama ni!"

Tun daga nesa ta hango su. Lemuel na kan doki, igiya a wuyansa. Mazan nan duka suna tsaye cikin rana, huluna a hannu, kawuna a ƙasa, Kaka Dorcas kuma ta ɗaga hannu sama tana addu'a. Ta ce ba a rataye ɗan Adam ba addu'a, kuma ba wanda ya isa ya katse tsohuwa tana magana da Ubangiji. Ta riga ta gama da kakanninta, ta gama da na maƙwabta, ta shiga kan dabbobi.

"...Ka kuma dubi saniyar maƙwabcinmu Gideon mai ido ɗaya, ya Ubangiji, da ɗan maraƙinta mai zawo..."

"Amin! Amin, Inna!" in ji Enoch, gumi na zuba.

"Ban kai amin ba tukuna, mara kunya!"

Keken ya tsaya. Asa ya ɗago kai daga cikin ciyawar da ke keken. "Baba, ni ne. Ni na kwance ta. Wannan mutumin goya ni ya yi a bayansa tafiyar mil biyu."

Enoch ya dubi ɗansa, ya dubi igiyar. Ya juya ga Lemuel. "Me ya hana ka faɗa?"

"Na ji rantsuwarka. Ni ba ni da kowa, in na tafi mutum ɗaya ne zai yi kuka. In ka rataye shi, gidan nan gaba ɗaya ya mutu."

Gideon, babba a cikin maƙwabtan, ya yi gyaran murya. "Enoch, ɗa ya hau dokin ubansa, mu ba mu ga sata a nan ba. Rantsuwarka kuwa, tsakaninka da Allah ce, Shi ya fi mu sanin gafara."

Enoch ya taka a hankali, ya miƙa hannu ya zare igiyar daga wuyan Lemuel. Sai ya durƙusa a ƙasa yana kuka a gaban kowa, abin da Hester ba ta gani ba ko ranar da aka binne mahaifiyarta.

"Da na kashe ka fa... da na kashe ka a banza! Ka yafe mini, ɗana."

"Ya wuce, Baba."

Bayan girbin alkama aka ɗaura aure a ƙofar gidan, Asa na dogara sanda a gefen ango. Enoch ya yanka wa Lemuel gonar gabas, kuma har ya mutu bai sake rantsuwa cikin fushi ba.

Da Hester ta gudu tun farko, da ta sami miji ta rasa uba. Ta yi haƙuri, Allah ya haɗa mata miji da uba da ɗan'uwa a gida ɗaya. Iyaye kuma su kula: halin mutum ake dubawa kafin a tambayi gonarsa, kuma kada fushin sa'a ɗaya ya sa a yanke hukuncin da kuka ba ya gyarawa.