Jigon Kara a Ajin Zane

A wani gari na bakin kogi, tun da daɗewa, malamin zane ya zana jigon ban ruwa a allo, ya ce kowa ya kwaikwaya ya kawo gobe.

Washegari kowa ya kawo takarda, ban da wata yarinya 'yar masu lambu. Ita haɗa nata jigon ta yi da karan dawa da zare. Murfin kwalba ne guganta, ga curin laka a ƙarshen sanda.

Malam ya ce, "Zane na ce. Fitar da shi."

Ta ce, "Ba zan fitar ba, Malam."

Ya ɗaga murya: "Nan ba maƙera ba ce. Fitar da shi, ko ki fita tare da shi!"

"Ba zan fitar ba, Malam, sai ka gani."

Ta zuba ruwa a kwano, ta ja zaren zuwa ƙasa har guga ya nutse, ta saki. Laka ta rinjaya, guga ya taso cike da ruwa.

Sai ta nuna allo. "Naka ba laka a baya, Malam. Me zai ɗago gugan?"

Malam ya daɗe yana kallon allo. Can ya ɗauki alli, ya ce, "Matso da shi nan in gani."