Fitilar da Ta Ƙi Kama Fuska

Ina shirin rufe shagon hoto bayan isha'i sai wata tsohuwa ta shigo, mayafi ya rufe mata fuska. Tun da mahaifiyata ta rasu ba ta bar mana hoto ko ɗaya ba, ba na iya korar tsohuwa.

Na zaunar da ita, na kunna babbar fitila ta gefen hagu. Hasken ya wuce ya faɗa kan labulen baya, babu inuwarta. Na matso da fitilar, na ɗaga, na sauke, amma kujerar kawai take haskawa.

"Iya, ɗan ɗago kai."

"Har yanzu ba ka iya tsayawa wuri ɗaya ba, Auta," in ji ta. "Ɗauka hakanan, kar kamannina su ɓace maka."