Gadon Kare a Koren Jirgi

Da yammacin wata Asabar cikin Nuwamba muka je duba jirgi, ni da mijina Auke, da Babana a kujerar baya. An ce mana akwai biyu na sayarwa a gonar wani Rinse, can bayan garin Sneek. Ƙananan jiragen ruwa ne masu tafiya da iska, irin waɗanda ake ɗorawa a tirela a ja da mota zuwa tafki. Rinse ya daina kiwo, ya mayar da ɗakin shanunsa wurin ajiye jiragen mutane idan sanyi ya shigo.

Tun a gida muka ƙulla maganarmu da Auke. Farin jirgin gadonsa na mutum biyu ne, koren kuwa yana da na uku. Farin za mu ɗauka, mu ce wa Baba ayya, babu wuri. Baban nan shi ya koya mini riƙe igiyar jirgi tun ban kai tsawon tebur ba. Ya sayar da nasa shekarar da ƙafarsa ta hagu ta fara ja, kuma tun da ya ji za mu saya yake ta goge tsohuwar rigar ruwansa. Amma fa mutum ne mai minshari, mai tashi fitsari ba adadi, ba ya ganin ƙullin da ka yi bai kwance ya sake ba. Hutunmu ɗan kaɗan ne a shekara. Ni dai na gaya wa kaina ba wani laifi ba ne.

Da muka tsaya a ƙofar gonar na juya na ce, "Baba, ka zauna a mota. Tsanin dogo ne, ga santsi."

"To," ya ce, ya miƙo mini tef ɗinsa na awo. "Hiske, gwada mini gadon karen nan na koren. Ki shiga ciki sosai, ban da awon ido."

Na karɓa ban kalli fuskarsa ba.

Cikin ɗakin shanun warin tsohon kashi ne da man dizal da jiƙaƙƙen tamfol. Jirage a jere kan tireloli, kowanne an kwantar da sandarsa a bayansa. Ƙwan lantarki ɗaya ne, can sama. Rinse ya jingina mana tsani a jikin farin, muka cire takalma muka hau, don mu ba ma sayen jirgi da kallo. Sai ka kwanta a kowane gado, ka juya dama da hagu, ka zauna ka ji ko kanka zai bugi rufi.

Farin sarari ne tas daga ƙofa har hanci. Gado ɗaya mai faɗi, tebur mai naɗewa, risho a gefe. Auke ya baje kamar wanda ya biya kuɗin otel.

"Nan ke, nan ni, nan kwalba," ya ce. "Wa kuma ya rage?"

"Rufa mana baki, sarkin surutu, ƙofar ɗakin a buɗe take," na ce.

Da muka koma koren, Rinse ya riƙe mana tsanin amma ya ƙi hawa. "Ku dai duba," ya ce. "Ni ina nan ƙasa."

Koren matsattse ne. Akwatin allon da ke hana jirgi zamewa ya raba ɗakin gida biyu, Auke ya fara gaisawa da shi da ƙwauri. Gadon gaba an kare shi da labule, ga bokitin ba-haya daidai ƙarƙashin matashi. A hannun dama kuma, kusa da ƙofa, ga gadon kare: wani dogon rami baƙi ƙirin da ya shige ƙarƙashin wurin zama na waje, faɗinsa bai wuce kafaɗun mutum ba.

"Wa zai kwana da kansa kan masai?" Auke ya faɗa da ƙarfi don Rinse ya ji. Sannan ya raɗa mini, "Leƙa kawai ki fito, ki ce masa gajere ne."

Ya sauka, shi da Rinse suka tafi cikin gida duba takardun tirela. Na ji takunsu yana nisa, na ji ƙofa.

Da na so, da na zauna na ɗan jima na fita da ƙaryata. Amma Baba zai duba gwiwar wandona ya ga ko akwai ƙura, na san hali. Don haka na durƙusa da tef ɗin a hannu. Ƙafa ake fara sawa a gadon kare, kai yana waje, ko yaro ya san wannan. Ni kuwa saboda sauri, don in dangana bakin tef ɗin da ƙarshen ramin, sai na shiga da kai.

Katifar da ɗumi.

Na tsaya cak. Nuwamba ce fa, numfashina ma hayaƙi yake yi. Ɗumin nan irin na wurin da mutum ya tashi yanzu ne. Sai wari ya biyo baya: tabar lofe, da jiƙaƙƙen ulu, da man zafin da tsofaffi ke shafa wa gwiwa.

Na ce bari in ja baya. Rigar sanyina ta naɗe a hammata, kafaɗuna suka cije. Gaba babu, baya babu.

Sai na ji ruwa.

Fal. Fal. A jikin katakon da ke kusa da kunnena. Jirgin da ke kan tayoyi, a kan siminti, ya karkata hagu a hankali, ya dawo dama. Tukunya ta zame a cikin kabad ta bugi 'yar'uwarta.



"Auke?" Muryar ko ni ban ji ta sosai ba.

Wani ya yi numfashi. Ba a bayana ba. A gabana, cikin duhun da nake fuskanta.

Aka kama bakin tef ɗin. Na ji shi yana fita daga akwatinsa a tafin hannuna, ƙirrr, a hankali, kamar yadda mai aiki ke ja idan ba ya son kuskure. Ya wuce tsawon mutum. Bai tsaya ba. Ya wuce inda ya kamata jirgin ya ƙare.

"Nawa kika samu?" aka tambaya.

Muryar tsoho ce, a dashe, babu faɗa a cikinta. Da faɗa ne ma da ya fi mini sauƙi.

Na ƙanƙame akwatin tef ɗin.

"Gajere ne, ko?" Aka yi ɗan tari. "Haka nawa 'ya'yan ma suka ce."

Tef ɗin ya ƙare, ya fizgi hannuna. Na so in sake shi, yatsuna suka ƙi buɗewa. Cikina ya fara zamewa kan katifar.

"Akwai wuri, 'yata. Taho ki gani da idonki."

Ƙuguna ya shige. Gwiwoyina suka shige.

Iskar ta koma mai gishiri-gishiri da sanyi. Wani abu ya taɓa goshina, kamar gemu.

"Matsa kaɗan. Ai mutum biyu ma zai ɗauka."

Ƙwaƙ. Ƙwaƙ. Ƙwaƙ.

Sanda ce a jikin jirgin, daga waje. Irin bugun da ake yi kafin a hau jirgin mutane. Ruwan ya yi tsit.

"Masu jirgi!" Muryar Baba. "A hau?"

Na kurma ihu, ban san me na ce ba. Na ji tsani yana kuka. Taka ɗaya, sai jan ƙafa. Taka ɗaya, sai jan ƙafa. Tsanin nan da na ce ba zai iya ba. Sai hannuwa biyu suka damƙi idon sawuna, aka finciko ni kamar buhun dankali. Tef ɗin ya kuɓuce, na ji ƙararsa yana gudu cikin ramin, yana nisa, yana nisa, bai bugi komai ba.

Muka zube tare a jikin akwatin allon. Baba yana haki, leɓɓansa sun yi shuɗi, hularsa ta faɗi.

"Da kai kika shiga?" ya ce da ya samu numfashi. "Ni na koya miki haka? Shekarunki hamsin fa, Hiske!"

Na riƙe rigarsa. Ya leƙa ramin, ya shaƙi iskar, ya daɗe yana kallo. Ban sani ba ko ya ji warin da na ji. Sai ya ɗauki hularsa ya kaɗe ta a gwiwa.

"Gajere ne," ya ce. "Daga nan ma na gani. Ba zai ɗauke ni ba. Ku sayi farin."

"Baba, ba..."

"Farin ya fi sarari. Mutum biyu, daidai wa daida."

Bai ɗaga murya ba, bai kalle ni ba. Ashe tun a gida ya sani. Bangon ɗakinmu da nasa ɗaya ne, kuma wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi. Ƙaryar da na ɗauko zan yi masa, shi ya karɓa ya faɗa da bakinsa don kada in sha wahalar faɗa. Wallahi tsoron da na ji a ramin nan bai kai kunyar da ta rufe ni a lokacin ba. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Auke da Rinse suka shigo da gudu. Sai da mu uku muka taru kafin muka sauko da Baba, ƙafar ta ƙi taka ƙasa. Rinse ya kalli ƙurar da ke kafaɗuna, ya kalli hannuna da babu tef, ya sunkuyar da kai.

"Na gidanmu ne koren," ya ce. "Tsohonmu ya so ya riƙa bin mu, muka ce masa gadon gajere ne. Kullum sai ya raka mu bakin tafki, ya tsaya yana ɗaga mana hannu. Haka har ya rasu. Tun daga nan babu wanda ya kwana a ciki har gari ya waye."

Auke ya tallafi Baba har mota, muka kama hanyar gida.

Farin muka saya. Cikin sanyin nan Auke ya cire teburin da yake ta yabo, ya ƙera gado na uku a wurin, mai tsawo, a fili, kusa da ƙofa don mai tashi fitsari. Na ɗinka masa katifa, na shimfiɗa bargon Baba. Da bazara ta shigo muka kai shi ya gani. Ya shafa katakon, ya ce aiki ya yi kyau, ya gyara mana ƙulli biyu.

Amma bai hau ba. Na roƙe shi, na yi kuka, na yi masa faɗa. Murmushi kawai yake yi ya ce, "Ku je, yara, babu wuri." Rigar ruwan ma ya ba wani maƙwabci. Idan za mu tashi sai ya raka mu bakin tafki da sandarsa, ya tsaya yana ɗaga mana hannu har mu sha kwana.

Ban daina tambayarsa ba, duk Asabar sai na sake. Kuma duk lokacin da na shiga ɗakin jirgin, kafin in kunna risho, kafin in ajiye jaka, sai na ɗora tafin hannuna kan katifar nan ta uku, ina tsoron ranar da zan ji ta da ɗumi.

Har yanzu dai da sanyinta.