Mamacin da Ya Kira Watan Jiya

Takardar ta iso Hyattsville bayan ƙaramar Sallah, da jan rubutu a goshinta. Rakia ba ta yi nisa a karatun Turanci ba, amma jan rubutu ba ya buƙatar tafinta. Sunan mijinta ne a jiki, Hamidou Issoufou, direban tasi, wanda aka binne tun cikin watan Yuli. Wani kamfanin karɓar bashi ne yake nemansa da dala ɗari huɗu da 'yan kai, kuɗin finafinan da wai ya saya ta gidan waya bai biya ba.

Tana cikin takaba, ba ta fita. Sai ta kira Najiba.

Najiba Bakanuwa ce, tana harhaɗa magunguna a wani asibiti cikin Washington, a masallaci suka saba da Rakia. Rabin aikinta faɗa ne da kamfanonin inshora a waya, har ta haddace kiɗan da kowannensu yake sa wa mutum idan ya ce a jira. Daga wajen aiki ta hau jirgin ƙasa ta zo, ko takalmin asibiti ba ta canza ba. Ta tarar da Rakia a kan darduma, fuska a kumbure, kunnuwa babu komai.

"Maman Mubina, ina 'yan kunnenki na zinare? Na san ba a sawa a takaba, amma ko akwatinsu ban gani a kan madubi ba."

"Na saida, Hajiya. Da su na biya ta farko. Ga wata ta sake zowa."

Rakia ta yi mata bayani a hankali. Shekarun baya Hamidou ya shiga wani kulob na finafinai. Da farko su ba ka faifai biyar kamar kyauta, daga nan kowane wata su aiko maka kati. In ka manta ba ka mayar ba, sai fim ya zo da takardar kuɗinsa, ko kana so ko ba ka so. Hamidou yana son finafinan kaboyi, amma ya gaji da wannan tarko, ya rufe rajistarsa tun da daɗewa.

"Gabana ya rubuta musu. Ni na jefa takardar cikin akwati da hannuna," in ji Rakia.

"Kin gaya wa Alhaji Ɗanliti?"

Dole a yi wannan tambaya. Alhaji Ɗanliti shi ne babba a cikin Hausawan yankin, yana da shagon kayan abinci da aika kaya gida. Ranar jana'iza shi ya miƙe a maƙabarta, kamar yadda ake yi, ya ce duk mai bin mamaci bashi ya zo wajensa. Shi ya karɓi walat da takardun marigayin don ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Shi ne kuma ya tsaya wa Hamidou lokacin da za a ba su hayar wannan gida.

"Na gaya mishi. Ya ce in share, wai a Amurka bashin mamaci binsa yake kabari." Ta dubi takardar. "To ai abin da nika tsoro ke nan. Malamai sun ce mutum a tsare yake har sai an biya mishi. Ina sallah ina tunanin baban Mubina shina can a tsare saboda fim ɗin kaboyi."

Najiba ta ji tausayi ya kama ta, haushi kuma ya biyo baya. Ta ja waya ta kira kamfanin finafinan, ta buɗe murya yadda Rakia za ta ji. Aka sa mata kiɗa. Aka miƙa ta ga wani, shi ma ya miƙa ta ga wata. A ƙarshe wata mata mai sanyin murya ta ce ba za ta iya rufe rajistar ba sai mai ita ya kira da kansa.

"Mai ita ya rasu," in ji Najiba.

"Ina yi muku ta'aziyya. Amma sai shi ya kira."

"Baiwar Allah, na ce miki ya mutu. An aiko muku da takardar shaidar mutuwarsa."

"Wannan wani ofishi ne yake dubawa. Abin da nake gani a gabana shi ne, an sake buɗe rajistar a watan Agusta, kuma ya kira mu watan jiya ya zaɓi finafinai shida."

Wannan kam Rakia ta gane. Ta dafe bango ta zauna, tana ta innalillahi.

"Ina kuke kai finafinan?"

"Ba zan iya faɗa wa kowa ba sai mai rajista."

"Me mutum yake faɗa muku ku yarda shi ne?"

"Lambar katinsa na kulob da ranar haihuwa."

Najiba ta ajiye waya. Ranar haihuwa ba ta tsare komai. A takarda an haifi Hamidou ran ɗaya ga Janairu, haka ma rabin direbobin Nijar da ke Maryland, don haka ake rubuta wa wanda aka haifa a ƙauye ba a riƙe rana ba. Saura lambar kati. Takardun kuɗin da suke zuwa gidan, ƙarshen lambar kawai suke nunawa.

Ta fara da Mubina, 'yar gidan, mai shekara goma sha shida. Tana jin Hausa, amsa ce sai da Turanci.

"Ke kika kira su?"

"Anti, muryar namiji suka ce ko ta mace?"

"Namiji."

"To." Yarinyar ta nuna gurbin da ke ƙarƙashin talabijin. "Kuma na'urar kallon faifan ma Mama ta bayar sadaka bayan addu'ar bakwai. A me zan kalla?"

Najiba ta sauka ƙasa wajen Gregory, mai kula da ginin, wani dattijo da ba ya rabuwa da tarin makullai a ƙugu. Duk ƙunshin da ya fi ƙarfin akwatin wasiƙa, a ofishinsa ake ajiyewa, kuma sai an sa hannu.

"Wani kwali ya zo da sunan Hamidou tun rasuwarsa?"

"Ko ɗaya. Mutumin kirki ne, ya taɓa kai ni asibiti bai karɓi ko sisi ba. Da na ga sunansa da na tuna."

"Wa yake ɗaukar wasiƙun gidan?"

"Abokinsa, dogon nan mai tasi."

Dogon nan shi ne Abdoul Aziz, ɗan garinsu Hamidou daga Maraɗi. Tun da Rakia ta shiga takaba makullin akwatin yake hannunsa. Najiba ta same shi washegari da rana a layin tasi kusa da tashar jirgin ƙasa, yana cin burodi da shayi a cikin mota. Da ya ji abin da ya kawo ta sai ya ajiye burodin.

"Malam Abdoul Aziz, kamfani ya ce tun Agusta yake aiko takarda. Maman Mubina biyu kawai ta gani. Ina sauran?"

Ya kau da kai.

"Ka ɓoye su?"

"Na ɓoye, Hajiya."

"Don me?"

Ya buɗe aljihun mota ya fito da rasit biyu na kuɗin da aka aika ta gidan waya, da sunan kamfanin. "Na ɗauka tsohon bashi ne. Na ce mace tana cikin wanga hali, mi za a ƙara mata? Na biya ta farko, na biya ta biyu. Ta ukku ta zo motata tana gareji, ba ni da shi. Sai na kai mata, ina jin kunya."

Najiba ta duba rasit ɗin ta mayar masa. Ba ta taɓa jin ɓarawon da ya saci abu kuma ya bi ya biya kuɗinsa daga aljihu ba. Ta ba shi haƙuri, ya ce ba komai, amma bai sake kallon ta ba. Ta koma gidan Rakia jiki a sanyaye. Mutum uku ta tambaya, ta ɓata wa mai kirki rai, ba ta samo komai ba. Kamfani ya san inda yake kai kayan, ya kuma ƙi faɗa.

Rakia ta dafa mata shayi, ta ɗauko wani ɗan kwali daga kan firiji ta ajiye a gabanta. Ragowar dabinon azumi ne. Najiba ta ɗauki ɗaya, tana taunawa tana kallon kwalin. Kwali ne mai ƙwari, bai kai na takalmi ba, an naɗe gefunansa da salatif mai ruwan ƙasa. A samansa an yage wata takarda, an bar fari-fari. Ta juye dabinon a faranti ta kifa kwalin. Ta sa farce ta ɗaga salatif ɗin. Tambarin kulob ɗin finafinai ne a ƙasa, irin wanda ke kan takardun. A kusurwa kuma ga hatimin gidan waya, na watan Satumba.

"Maman Mubina, wa ya kawo miki wannan?"

"Alhaji. Kowace shekara shina raba ma gidaje dabino in azumi ya kama."

Najiba ta ɗauki kwalin ta sa a jaka.

Ta bari sai bayan Azahar, lokacin da shagon Alhaji Ɗanliti ba kowa. Ta gaishe shi yadda ya kamata, ta tambayi iyali da kasuwa, sannan ta ɗora kwalin a kan teburin ciniki, tambarin yana sama.

"Alhaji, kun san wannan?"

"Kwali ne. Kwalaye nawa ke shigowa shagon nan?"

"Wannan bai zo da doya ko manja ba. An aiko shi bayan an binne Hamidou. Gidansa bai je ba, mai kula da gini ya tabbatar. Wanda ya kira kamfani yana da lambar katin kulob, katin yana cikin walat, walat kuma ku aka ba a gaban jama'a. Da Maman Mubina ta kawo muku kuka, ba ku ce a kawo takarda ku gani ba, ku da kuka ɗauki bashinsa a bakin kabari. Cewa kuka yi ta share. In buɗe buhunan da za su tafi Kano, ko za ku faɗa mini?"

Alhaji ya cire hula ya shafa kai. Ya dubi ƙofa.

"Najiba, ki ji. Kamfani na ci, ban ci Hamidou ba. Su da suke cutar mutane kullum. Wani ya gaya mini idan suka ga mutum ya mutu sai su yafe. Masu gidajen kallo a gida suna son faifai na asali, ni kuma kasuwa ta tsaya. Wallahi na sa a riƙa kawo komai nan. Ban san takardar kuɗi can za ta tafi ba."

"Da ta tafi fa? Ta kira ku tana kuka."

Alhaji ya sunkuyar da kai.

"Ta sayar da 'yan kunnenta. Abdoul Aziz ya biya sau biyu daga kuɗin tasi. Takardar suna kun yage, kun yi dabara. Kwalin ne kuka kasa jefarwa, don mai kyau ne. Duk haka muke, ni ma ɗakin girkina cike yake da robobi. Amma ni ban zuba sadaka a cikin na sata na kai wa matar mamaci ba."

Ya ce zai biya duka, har zinaren, har kuɗin Abdoul Aziz. Ya roƙe ta kada maganar ta kai masallaci.

Da Najiba ta sake kiran kamfanin, suka ce ba za su goge sunan Hamidou daga masu taurin bashi ba sai da rahoton 'yan sanda. Ta kawo wa Rakia maganar. Rakia ta girgiza kai. Takardun zamanta a ƙasar ba su kammala ba, hayar gidan kuma da sa hannun Alhaji take tsaye. Idan aka kama shi, ita da Mubina ina za su? Najiba ta yi ta lallashi, ta yi faɗa, ta dawo ta yi lallashi. A ƙarshe ta haƙura, don ta san matar ta fi ta gaskiya. Ta gano ɓarawo, kuma ranar Juma'a zai zauna a sahun gaba kamar kullum. Abin ya ci mata rai ƙwarai.

"Hajiya, abu guda nika son ji," in ji Rakia. "Ba shi ya ci ba?"

"Ba shi ba ne. Ya rufe abinsa tun yana raye, kamar yadda kika faɗa. Mijinki ya tafi ba a bin sa ko sisi."

Rakia ta rufe fuska da mayafi ta yi kuka mai tsawo, irin wanda ta kasa yi tun zuwan takardar farko. Da ta natsu sai ta tura farantin dabinon gaban Najiba.

"Ki tafi da shi, don Allah. Da shi na sha ruwa duk azumin nan, ina yi ma mutumin addu'a."

Najiba ta juye shi a leda ta fita. A bakin ƙofa ta ci karo da Abdoul Aziz yana hawowa da wasiƙun ranar. A sama akwai wani kati mai launi da sunan Hamidou Issoufou. Kamfanin finafinan ne, yana cewa ya yi kewarsa, in ya dawo za a ba shi faifai biyar kyauta. Ta karɓe shi ta cusa a jaka kafin Rakia ta leƙo.