Ɗanyen Kifin Inna Buaphan

"Ci mana, 'yata."

Inna Buaphan ta turo kwanon gabana da yatsa ɗaya, idonta a kaina. Ɗanyen kifin tafki ne, an daddatsa shi, an matse masa lemun tsami, an barbaɗa barkono da jajayen tururuwa. A gidan nan ba a zuba wa baƙo shi sai an ɗauke shi ɗan gida.



Sunana Thazin. Daga Mandalay ta ƙasar Myanmar na zo arewa maso gabashin Thailand karatun kiwon lafiyar al'umma. Aikina a ƙauyukan nan shi ne in karɓi bayan gidan mutane a 'yan robobi, in kai ɗakin gwaji, in nemi ƙwan tsutsar hanta. Ta irin wannan kifin take shiga mutum, ta yi shekaru tana ɓarna shiru, wata rana abin ya zama ciwon daji. Da mahaifiyata ta ji labari a waya cewa ta yi, "Mun tura ki karatu kin ɓuge da leƙen kashin mutane, yanzu kuma har da saurayi?"

Saurayin shi ne Thawin, malamin firamaren ƙauyen, wanda yake yi min tafinta. Yana zaune gefen uwarsa Inna Buaphan a kan tabarma, kansa a sunkuye, yana susar damtsensa.

Susar nan ce ta hana ni sakat. Ita da ramar da ya yi, da farin idonsa da ya fara komawa rawaya. Na roƙe shi ya je a yi masa hoton ciki har na gaji da roƙo. Kullum sai ya yi dariya ya ce, "Ƙanwata, kin fiye tsoro, duk shekara ina shan ƙwayar tsutsa." Haka suke yi a nan, su ci kifin, su sha magani, su koma su ci. Ƙwayar tana kashe tsutsa, amma ba ta goge tabon da ta bari a ciki.

"Ba za ta ci ba, Inna."

Lamduan ce, 'yar maƙwabta, wadda Inna ta so ya aura tun suna yara. Tana jingine da ginshiƙin gidan tana murmushi.

"Ai 'yan jami'a ne. Da kunnena na ji ta ce abincinmu ƙazanta ne."

"Ban ce haka ba."

"To me kika ce?"

"Cewa na yi yana kisa."



Inna ta gyara zama. "Uwata ta ci shi har haƙoranta suka zube. Lemun tsami yana dafa shi, tururuwa ta ƙarasa. Ke ce za ki zo daga wata ƙasa ki koya mana cin kifi?"

"Baban Yaya Thawin fa, Inna?"

Na san na taɓo inda ba a taɓawa.

"Asibiti ne ya kashe shi," ta ce. "Da ƙafarsa ya shiga, a kwance suka dawo min da shi."

Sai a lokacin Thawin ya ɗago. "Thazin, in ba za ki ci ba ki tashi ki tafi. Ba sai kin ci mutuncin uwata ba."

Bai taɓa kiran sunana haka gatsau ba. Na ji zafin abin har cikin raina, amma tsoron da nake ji ya fi zafin yawa. Na gutsuro shinkafa mai danƙo, na dunƙule ta, na dangwalo kifin.

"Zan ci, Inna. Ko cewa kika yi in cinye kwanon zan cinye. Amma gobe ki sa shi ya bi ni asibiti. Maganarki kaɗai yake ji."

Na kai lomar bakina.

Caraf ya riƙe min hannu. Tafinsa zafi rau.

"Ajiye, masoyiyata..."

"Sake ni."

"Na riga na je asibitin."

Lomar ta faɗi kan tabarma.

"Likita ya ce ciwon daji ne, ya toshe hanyar matsarmama, kuma ya bazu. Ba a iya yanke shi."

Lamduan ta zame ta zauna a ƙasa, murmushin ya ɓace. "Shi ya ce in haɗa ki da Inna," ta ce da ni. "Ya ce in taimaka ya rabu da ke. Ni na ɗauka ni yake so..."

Na kalle shi. Ya kasa haɗa ido da ni.

"Zango ɗaya ya rage miki. So nake ki koma gida da digirinki, ba da takaba ba."

"Wa ya ce ka zaɓa min? Ni da na fara ganin ciwon a idonka, ni za ka ɓoye wa?"

Kuka ya ci ƙarfina.

Inna ta miƙe. Ta shige ɗaki, na ɗauka tsintsiya za ta ɗauko ta kore ni. Sai ga ta da farin zare. A garin nan da shi ake ɗaure hannun ango da amarya, da shi kuma ake ɗaure hannun mara lafiya don kada kurwarsa ta fita yawo ta ƙi dawowa.

Ta durƙusa gaban ɗanta, ta ƙulla masa a wuyan hannu, tana magana ƙasa-ƙasa. "Dawo gida, zauna a jikinka, kowa ya kira ka kada ka amsa."

Ta juyo ta kama nawa hannun. Sau biyu ƙullin yana kwance mata.

"Surukata," ta ce, "riƙe min shi. Ni na kasa."

An yi bikinmu kafin girbin shinkafa. Na riƙe shi iya ƙarfina, da magani, da rarrashi, da duk abin da aka koya min a aji.

Ba a gama sussuka ba aka fita da gawarsa.